Kwanon da ke tsallaka katanga

Ranar da Yayana ya shigo gida ya ce kujerar Makkar Inna ta tabbata, ni ce na fara rangaɗa guɗa, kuma ban yi ta da wasa ba, don sai da tattabarun maƙwabta suka watse daga kan soro. Inna mahaifiyarmu ce, ta haura sittin da biyar a lokacin, kuma tun ina ƙarama ban taɓa jin ta shafa addu'a ba tare da ta roƙi Allah Ya nuna mata Ka'aba da idonta ba. Yaya kayan fata yake sayarwa a Kurmi, ya daɗe da wannan niyya a ransa bai gaya wa kowa ba. Ni kuwa tela ce, ina aure wajen Ƙofar Wambai, gidanmu na haihuwa kuma yana Soron Ɗinki. A ranar na tsayar da Inna a tsakar gida na auna ta tun daga kafaɗa har idon sawu, na ce hijabai shida zan ɗinka mata, ko a Makka sai an tambayi wa ya yi ɗinkin. Tana ta ture hannuna tana cewa na cika rawar kai, amma bakinta ya ƙi rufuwa.

Murnar ba ta yi sati biyu ba aka kira maniyyata duba lafiya. Ni na raka ta. Likitar wata 'yar siririya ce mai tabarau, ta ɗaura wa Inna abin awon jini a dantse, ta duba, ta kwance, ta ce ta huta, ta sake ɗaurawa. Sai da ta yi haka sau uku. Ta tambayi Inna ko tana ciwon kai ko jiri, Inna ta ce lafiyarta ƙalau, ko jiya ita ta daka yajin gidan. Likitar ta ce ai abin da ya sa hawan jini yake da haɗari ke nan, sau da yawa ba ya sallama, mutum yana harkarsa sai dai a ji ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye. Lambar sama ta Inna ta haura ɗari da tamanin. Ta ce da wannan jinin ba za ta sa hannu a takarda a kai tsohuwa cikin rana da turmutsutsun Mina ba. Ta rubuta magani, ƙwaya ɗaya kullum ko da jiki yana jin garau, ta ce a rage gishiri sosai, a bar dunƙulen miya, a bar kanwa, a riƙa ɗan takawa, mu dawo bayan sati shida. In ya sauka ta sa hannu, in bai sauka ba sai dai wata shekarar.

Inna ta yarda da komai ban da kanwa. Ta ce kanwa ai magani ce, ita ke wanke ciki, da kununta ta yi jegon 'ya'ya bakwai. Likitar ta yi murmushi ta ce a wajen jini kanwa da gishiri uwarsu ɗaya. Muka fito, har gida kalmar nan ta wata shekarar tana ta yi mini yawo a ka. Wa ya ba mu tabbacin wata shekarar?

Duk wanda ya san ni ya san in na sa abu a gaba ba na jin kira. Washegari na sayo na'urar awon jini a kemis, na sa mai shagon ya koya mini har sau biyu. Na sami matar Yaya, wadda ke girkin gidan, na ce daga yau ta cire Inna daga babbar tukunya, ni zan riƙa yi mata nata. Kullum da hantsi sai in rufe keken ɗinki in taho, in hura gawayi a ɗan murhu, in yi mata miya da gishiri ɗan mitsitsi, babu dunƙule, babu kanwa. In zuba a langa, in kai ɗakinta, in ba ta ƙwayarta ta haɗiye a gabana, in auna ta, in koma bakin aikina kafin azahar. Da safe in na dawo sai in tarar da langar a wanke, a kife. Har yabon Inna nake a wajen mijina, ina cewa ban taɓa ganin tsohuwa mai bin doka irinta ba, ko ƙorafi ba ta yi.

Amma jinin ya ƙi sauka yadda ake so. Ya ɗan motsa a satin farko, sai ya tsaya cak. Na zargi na'urar, na mayar wa mai kemis, ya auna kansa ya auna ni, ya ce lafiyarta lau. Na zargi matar Yaya da ba ta abinci a ɓoye, baiwar Allah ta rantse har da ƙwalla. Na bincike ɗakin Inna kamar mai neman allura, har ƙarƙashin gado da cikin kwalla, ban sami ko ƙullin gishiri ba. Sati uku suka tafi a haka, rabin wa'adin ke nan, hijabai huɗu na gama amma na kasa ɗinka na biyar.

Wata Talata na manta almakashina a gidan, na dawo ɗauka bayan azahar. Ina shiga tsakar gida sai na hango Inna ta bayan ɗakinta, tsaye a kan turmin da aka kife a gindin katanga, ta ɗaga langata da hannu biyu tana miƙawa. Wasu hannaye masu lalle suka karɓa daga can, suka miƙo wani kwanon. Inna ta sauko a hankali, ta zauna a tabarma, ta buɗe. Tun daga inda nake ƙamshin ya buge ni: burabusko ne da miyar yakuwa, an dake ta da kanwa, ga bandar kifi, ga man shanu yana yawo a sama.

Na san hannayen nan. Na Iya ne, ƙawar Inna, wata Babarbariya da kakanninta suka zo daga Borno tun da daɗewa, gidansu yana manne da namu ta baya. Ita da Inna a shekara ɗaya aka kawo su unguwar suna amare, kuma tun lokacin suke ciyayya. Wanda bai tashi a cikin gari ba zai ɗauka ciyayya aika wa maƙwabci ragowar abinci ne. Ba haka ba ne. Kwanon da aka zuba miki, naki na kanki, shi kike miƙa wa ƙawarki, ita ma ta miƙo miki nata, kowa ta ci na 'yar'uwarta. Fiye da shekara arba'in suna haka, kullum ta Allah. Ni kaina na tashi ina ganin kwanon nan yana tsallaka katanga, na saba da shi har na daina ganinsa, kamar yadda mutum ba ya lura da ƙofar ɗakinsa. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Wato sati uku ina tsugune gaban gawayi ina yi wa Iya girkin masu hawan jini, Inna kuma tana nan tana shan kanwarta hankali kwance.

Ban san lokacin da na fara faɗa ba. Na ce ashe wahalar banza nake, na ce Yaya ya yi shekaru yana tanadi za a watsar a kan miyar yakuwa, na ce yanzu zan zagaya in gaya wa Iya ta daina. Inna ta bar ni na gama, ta rufe kwanon, sannan ta ɗago.

"Kada ki kuskura," ta ce. "Lokacin da ubanku ya rasu, wata huɗu da kwana goma ina takaba, kwanon nan bai yi fashin rana ɗaya ba. Yanzu ki je ki ce mata hannunta ne yake sa mini ciwo? Gara in haƙura da Makkar."

Na san ba da gaske take son haƙura ba, don muryarta ta karye a kan kalmar. Amma na san kuma za ta iya. Na koma gida ban ɗauki almakashin ba.

Kwana na yi ina juya abin. An hana ni faɗa, to, amma ba a hana ni gaisuwa ba. Da safe na saka na'urar a jaka, na zagaya ta lungu na yi sallama a gidan Iya. Na same ta tana tsince shinkafa, doguwa, da tsagenta a kumatu, ga turaren wuta yana tashi kamar kullum. Bayan mun gaisa ta dube ni sama da ƙasa, ta ce dama tana nemana. Ta ce ita ba ta son shiga abin da ba ruwanta, amma ni 'yarta ce, dole ta tambaya: lafiya mijina yake cin abincina? Sati uku ke nan miyar da ke zuwa daga gidanmu lami, kamar an wanke tukunya an zubo. Da farko ta ɗauka wani hali aka shiga, har ta fara ƙara nama a nata kwanon don Inna ta samu. Da ta ji an ce ni ke girkin, sai ta ce to auren nan Allah ne kawai yake riƙe da shi.

Na haɗiye wannan, Allah Ya sani da ƙyar. Na ce Iya, sabuwar na'ura na saya, kowa a gidanmu na auna, saura ke. Ta miƙo hannu tana dariya, tana cewa ita jininta na Barebari ne, ba ya hawa ba ya sauka. Na'urar ta kumbura, ta saki. Na duba, na sake dubawa. Nata ya fi na Inna.

Nan wasa ya ƙare, don ni kaina na tsorata. Na ce mata lallai ta je asibiti a yau, ba gobe ba. Ta tambayi me ke kawo shi, na faɗa mata abin da likita ta faɗa mana, gado da shekaru da rashin motsa jiki, sannan gishiri da dunƙule da kanwa suna ƙara iza shi. Ta tambayi a ina na san duk wannan. Na ce a wajen duba maniyyata. Sai ta ajiye farantin shinkafar. Iya ba ta yi boko ba, amma ban taɓa ganin mai saurin haɗa zance irinta ba.

"Miyar nan da nake ci," ta ce, "ba tawa ba ce. Ita aka dafa wa."

Ta tambayi ko saboda jinin za a iya hana Inna tafiya. Na sunkuyar da kai. Ta ce in tashi in tafi, ta gode.

Ranar da azahar Inna ta hau turmi da langa, ta kira, ta sake kira, ba a amsa ba. Washegari ma haka. Kwano bai tsallako ba, karo na farko tun kafin a haife ni. Inna ba ta tambaye ni komai ba, kallo ɗaya ta yi mini na gane ta sani. Ta daina yi mini magana, ta daina cin abinci sai ɗan kunu, ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a gindin katangar ta zauna da carbi. Da na auna ta jinin ya ƙara hawa. Wallahi a kwana biyun nan na tsani kaina. Na je gyaran abu ɗaya na ɓata biyu, ga Makka tana neman kuɓucewa, ga zumuncin shekara arba'in na tsinka da hannuna saboda shegen wayona.

A rana ta uku ina durƙushe ina hura gawayi sai na ji an kira ni daga sama. Na ɗaga kai, ga fuskar Iya a kan katanga, ɗankwali ya karkace, tana gumi. Ta ce in zagayo yanzu, kuma in taho da hankalina.

Na tarar da madafarta kamar an yi yaƙi, tukwane uku a ƙasa. Ashe ranar da na bar gidanta, asibiti ta sa aka kai ta, aka ba ta nata maganin, aka maimaita mata dokar da aka ba Inna. Tun daga nan take gwada miyar da ba kanwa ba dunƙule, in ta ɗanɗana sai ta ji ba za ta iya miƙa wa ƙawarta wannan abin kunya ba, mai gishirin kuma ta rantse ba za ta sake miƙawa ba. Shi ya sa ta yi shiru a ɗaki tana jin kiran Inna, tana kuka. Ta ce tunda ni na haɗa wannan rigima, sai in zauna mu fitar da miyar da mutum zai ci bai zagi wanda ya dafa ba.

Kai, ranar na ga girki. Ni dokar likita na sani, Iya kuma ta san tukunya. Yakuwar da ake kashe tsaminta da kanwa, sai ta tafasa ta ta zubar da ruwan farko. Kifin banda ta jiƙa shi a ruwan zafi ta wanke sau biyu. Ta soya albasa mai yawa a ɗan mai har ta yi ja, ta daka tafarnuwa da citta da masoro da kimba, ta ƙara daddawa, ta ce in ƙamshi ya cika hanci harshe ba ya neman gishiri da yawa. Gishirin kuwa muka yi ta ciniki a kansa kamar a kasuwa, ita tana ƙarawa ina ragewa, har muka tsaya a kan abin da yatsu uku suka ɗauka. Da ta sauke ta ba ni a ludayi na ɗanɗana, sai na ji kunyar abin da na yi sati uku ina kira miya.

Ita da kanta ta hau nata turmin ta kira Inna da sunan da suke kiran juna tun suna amare. Na leƙa ta gefenta. Inna ta miƙe daga tabarma da saurin da ban san tana da shi ba, ta hau, ta karɓi kwanon. Ba wadda ta yi maganar kwana biyun nan. Inna dai ta ce an makara, azahar ta wuce, Iya ta ce to a kai ta ƙara.

Daga ranar aiki ya bar hannuna. Iya ta mayar da abin gasa. Kullum da safe sai sun haɗu a katanga kowa da ƙwayarta da kofin ruwa, su haɗiye a gaban juna, don wai Iya ba ta yarda da Inna ba. In na zo da na'ura sai in auna wannan in zagaya in auna waccan, kuma kafin in dawo an riga an yi shelar lambar ta kan katanga, wadda tata ta fi sauka ta yi ta yi wa ɗayar gori har la'asar. Wake da ɗanwake, da kowa ya san sai da kanwa, Iya ta koma jiƙa waken tun daren jiya, ɗanwaken kuma ta ce a ɗaga masa ƙafa tukuna. Sannan ta ɓullo da tafiya. Ta ce an gaya mata tsakanin Safa da Marwa ba wasa ba ne, don haka bayan rana ta fito sai su sa hijabi su bi lungu har bakin Kurmi su dawo. Ran farko sau uku suka zauna a dakalin mutane suna haki. Kafin sati biyu masu buɗe shaguna sun san su, har ana yi musu sannu da ɗawafi.

Ni kuma ina ganin lambar tana gangarowa kaɗan kaɗan, ɗari da saba'in, ɗari da sittin da wani abu, ranar da ta faɗo ƙasa da ɗari da hamsin sai da na yi rawa a tsakar gida da na'urar a hannu, matar Yaya tana tafa mini. A daren na gama hijabi na biyar, na yanka na shida.

Ranar komawa asibiti mu uku muka tafi, don Iya ta ce ko an ɗaure ta sai ta je. Na roƙi Inna ta zauna ta huta kafin a kira mu, kada ta yi magana, kada ta yi tunanin komai, alhali ni ce na kasa zama. Likitar ta ɗaura abin awon. Iska ta fara shiga, abin yana kumbura. Ta duba, ta rubuta, ta ce a huta, ta sake. Iya ta riƙe gefen hijabina tana murɗawa har na ji ɗinkin yana neman buɗewa. Likitar ta cire tabarau ta tambayi Inna me ta yi haka. Inna ta nuna Iya da baki. Sai kawai likitar ta jawo takardar ta sa hannu, ta buga hatimi, ta ce a ci gaba da magani ko a can, kada a fasa ko rana ɗaya, a riƙa shan ruwa sosai.

Na yi guɗa a cikin asibiti. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce nan ba gidan biki ba ne, na ba ta haƙuri, muna fita bakin ƙofa na ƙara wata.

A adaidaita muka dawo, na zauna a gefe, su biyu a manne, takardar tana cikin hijabin Inna ta dafe ta da hannu. Na kira Yaya a waya ina ihu har direban yana waiwaye. Da muka kusa unguwa hayaniyata ta lafa, sai na ji Inna ta karkata wajen Iya tana magana ƙasa ƙasa, da muryar mai roƙon alfarma. Ta ce tunda dai an riga an sa hannu, yau ɗaya a yi mata miyar yakuwa irin ta da, da kanwarta da komai, ta yi kewarta.

Na buɗe baki zan fara, Iya ta ɗaga mini hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Ke a tunaninki don takarda na yi?" ta ce wa Inna. "Ni ba zuwanki kaɗai nake so ba. So nake ki je, ki dawo, ki daɗe. In kika faɗi, wa zan miƙa wa kwano?"

Inna ta juya tana kallon titi, ta sa gefen hijabi ta share ido. Har muka sauka hannunta ɗaya yana kan takardar, ɗayan yana cikin na Iya.